Yadda ake maganin bushewar ido, da yadda ake kula da idon mutanen gida

Da zarar hunturu ya kankama, daga ƙarshen Nuwamba har Fabrairu, bencin ɗakin awon ido cika yake yi da masu kuka iri ɗaya: ido na yaji, kamar an watsa yashi a ciki, in yamma ta yi gani ya riƙa dishi-dishi. Wani direban adaidaita sahu ya zauna gabana yana share ido da hannun riga. "Likita, idona ruwa yake yi kamar famfo. Da na hau titi sai hawaye." Na duba shi da kyau, na ce, "Malam, idonka bushewa ya yi." Ya ɗago kai. "Ranka ya daɗe, idon da ke zubar da ruwa ne kuma ya bushe?" Sannan ya zaro kwalba uku daga aljihun gaba ya jera a kan tebur, duk daga kyamis. Biyu daga cikinsu na ɗauke da sinadarin da bai kamata ya shiga idon kowa ba sai likita na bibiyarsa.

Tambayarsa tana kan hanya, kuma wanda ya fahimci amsarta ya kama bakin zaren maganin.

Akwai wani siririn hawaye da ke lulluɓe da ido dare da rana, daban da na kuka. Hawa uku ne. A ƙasa akwai mai yauƙi, shi ke riƙe ruwa a jikin ido. A tsakiya ruwa ne, yana fitowa daga wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙashin gira ta gefen kunne. A sama kuma mai ne, yana tsattsafowa daga ƙananan kafofi da ke jere a bakin fatar ido, bayan gashin ido kaɗan, wajen 20 zuwa 40 a kowace fata. Man nan shi ne murfin randa. In ya daskare kamar kakide ya toshe kafofin, ruwan sai ya tsere cikin iska tun kafin a sake ƙiftawa. Ido ya ji zafi, ya aika saƙon neman agaji, sai a kwararo masa ruwa tsagwaronsa wanda ba ya zama, ya bi kunci ya tafi. Mafi yawan bushewar ido daga wajen man nan take, shi ya sa ɗiga magani kaɗai ba ya raba mutum da ita.

Da farko, a tabbatar bushewa ce

Bushewa ta fi kama ido biyu tare. Tana zuwa da raɗaɗi, da jin kamar tsakuwa, da nauyin ido, kuma ta fi tsananta da yamma ko bayan an daɗe a kan waya, ɗinki ko karatu. Ga gwaji mai sauƙi: in rubutu ya dushe maka, ƙifta ido sau uku ko huɗu. Idan ya washe na ɗan lokaci sannan ya sake dushewa, alama ce mai ƙarfi ta bushewa. Idan kuwa ƙaiƙayi ne ya fi yawa, har mutum na son ya murje idon, an fi zargin borin jiki ga ƙura ko wani abu.

Akwai alamomin da ba a zama da su a gida ko na kwana ɗaya: ciwo mai tsanani, kasa kallon haske, raguwar gani da ƙiftawa ba ta gyarawa, farin tabo a kan baƙin ido, kwantsa mai kauri kamar ruwan ƙurji, ido ɗaya ya yi jawur shi kaɗai, ko wani abu ya soki idon. Waɗannan asibiti ake nufa kai tsaye. In kuma siminti, ruwan batir ko maganin feshi ne ya faɗa, a fara kwarara ruwa mai tsabta a cikin idon na minti 15 zuwa 20 tun a wurin, sannan a kama hanya.

Na biyu, a nemo abin da ke busar da idon

Nan nake ɗaukar lokaci da majiyyaci, don sau da yawa maganin yana cikin hirar. Ina kake kwana, fanka na hura maka fuska? Na'urar sanyaya ɗaki ko ta mota tana kallon idonka? Uwargida da itace ko gawayi take girki, a rufaffen madafi? Kana hawa babur ba tabarau? A tsakiyar hunturu damshin iska a garuruwa irin su Kano, Katsina da Damagaram yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Iskar da ke farfasa leɓe da kaushin ƙafa, ita ce dai ke bi ta kan ido.

Sai magungunan da mutum ke sha: na mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, wasu na hawan jini masu sa fitsari, amitriptyline, da isotretinoin na ƙurajen fuska. Kada a daina ko ɗaya ba da sanin wanda ya rubuta ba, amma a faɗa masa. Ciwon suga, ciwon maƙoƙo mai turo ido waje, da amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu duk suna kawo ta. Mata bayan ɗaukewar al'ada sun fi kowa fama. Idan baki ma yana bushewa har tuwo ba ya haɗiyuwa sai da ruwa, a gaya wa likita, don akwai cutar da ake kira Sjogren mai kama ido da baki tare.

Gyaran nan ba ya cin kuɗi sosai: a juya fanka ta kalli bango, a fito da murhu inda iska ke wucewa, a sa tabarau mai rufe gefe in za a hau babur, a saukar da allon kwamfuta ƙasa da saitin ido don fatar sama ta ɗan rufo.

Na uku, gasa fatar ido

Wannan shi ne ginshiƙin, kuma shi mutane suka fi rainawa saboda ba a sayensa.

A wanke hannu da sabulu. A zuba ruwan ɗumi a kwano mai tsabta, ɗumin da ya ɗan ɗara na wankan jariri, wajen digiri 40. A gwada a cikin tsintsiyar hannu tukuna. In ya yi wa nan zafi, ya fi ƙarfin fatar ido. A tsoma ƙaramin tawul mai tsabta, a matse, a rufe ido a ɗora. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗorawa sau ɗaya a tashi. Tawul yana hucewa cikin minti ɗaya ko biyu, shi kuwa daskararren mai yana son ɗumi mai ɗorewa na minti 5 zuwa 10 kafin ya narke. Don haka a ajiye flas a gefe ana ƙara ruwa, ana sake tsomawa. Wasu kan naɗe dafaffen ƙwai da ɓawonsa a cikin ƙyalle, don ya fi riƙe ɗumi. Ba laifi, muddin an gwada a hannu kuma ba a danna shi a kan ƙwayar ido ba.

Da an cire tawul, tun fatar na da ɗumi, sai tausa. A kalli ƙasa, a sa ɗan yatsa a saman fatar sama, a gangaro da shi a hankali zuwa gashin ido, daga gefen hanci har gefen kunne. Sannan a kalli sama, a turo fatar ƙasa daga ƙasa zuwa bakin gashi. Hannu ya zama mai sauƙi, kamar ana taɓa nunannen tumatir. In gani ya ɗan yi hazo bayan haka kada a tsorata, man ne ya fito, zai washe.

Daga ƙarshe a share bakin fatar, daidai gindin gashin ido inda ɓawo-ɓawo ke taruwa, da auduga da aka jiƙa a tafasasshen ruwan da ya huce. Kowane ido da audugarsa, kowane mutum da tawul ɗinsa.

Sau biyu a rana ake yi a farko; na fi ba mutane shawarar bayan sallar asuba da bayan isha'i, don lokuta ne da ba a mantawa. Sauƙi ba ya zuwa a kwana uku. Sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani ma shida, kafin a ji bambanci na gaske, daga nan a koma sau ɗaya a rana a ɗore. Mai yawan fitar hazbiya ma zai ga amfanin wannan, don tushen matsalar ɗaya ne.

Na huɗu, ƙiftawa

Mutum na ƙifta ido wajen sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya. In ya ƙura wa waya ido, adadin na iya faɗowa rabi ko ƙasa da haka, kuma yawancin ƙiftawar ba ta kaiwa ƙasa. Kowane minti 20 a ɗaga kai a kalli wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, a rufe ido ruf sau biyar a hankali. Tela, mai aikin POS da ɗalibi mai shirin jarrabawa duk wannan ya shafe su.

Na biyar, maganin ɗigawa

Abin da ake nema shi ne hawayen kwalba, ruwan da aka haɗa ya yi aikin hawaye ba tare da wani magani mai ƙarfi a ciki ba. A jikin kwalin za a ga ɗaya daga cikin waɗannan sunaye: carboxymethylcellulose, hypromellose ko sodium hyaluronate. Ana farawa da sau uku ko huɗu a rana. Wanda ke buƙatar fiye da haka kullum ya nemi wanda ba shi da sinadarin hana lalacewa, domin sinadarin da aka fi sakawa, benzalkonium chloride, shi kansa yana cin fuskar ido in ya yi yawa. Mai kauri kamar man shafawa na lokacin kwanciya ne, don yana dusar da gani.

Ga yadda ake ɗigawa. A wanke hannu, a ɗaga kai, a jawo fatar ƙasa ta yi ɗan aljihu, a kalli sama, a saki ɗigo ɗaya tak. Ido ba ya ɗaukar biyu, na biyun asara ne. Kada bakin kwalbar ya taɓa ido, gashi ko yatsa. A rufe ido a hankali na minti ɗaya, a danna lungun da ke kusa da hanci, don kada maganin ya gangara maƙogwaro. In magani biyu ne, a bar minti 5 tsakani, mai kaurin ya zo ƙarshe. A rubuta ranar da aka buɗe kwalba a jikinta, bayan mako huɗu a jefar, sai dai in kwalin ya faɗi wani wa'adi dabam. Kuma ba a aron maganin ido, ko tsakanin miji da mata.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Duk kwalbar da aka rubuta dexamethasone, betamethasone ko prednisolone a jikinta, sitiroyid ce. Tana kashe ja da ƙaiƙayi cikin kwana ɗaya, shi ya sa ake sonta, ake komawa saye. Amma in aka daɗe ana ɗigawa tana iya ɗaga ƙarfin ruwan cikin ido ta kawo gilakoma, cutar da ke cin jijiyar gani, ta jawo yanar ido, ko ta hura wutar gyambon da ke kan ido. Yara masu ƙaiƙayin ido, waɗanda farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, su aka fi yi wa wannan ɓarna, kuma uwa da kyakkyawar niyya take yi. Ganin da gilakoma ta ci ba ya dawowa. Masu faranta ido nan take, irin masu naphazoline, su kuma jijiyoyin jini kawai suke matsewa; in sun saki, jan ya dawo fiye da da.

Nonon uwa, ruwan suga, ruwan albasa, fitsari, ruwan batir, garin ganye: babu ɗayansu da ke da wurin zama a cikin ido. Watsa ruwa a buɗaɗɗen ido ma daɗinsa na minti kaɗan ne, yana wanke ɗan man da ya rage.

Batun kwalli kuwa, na san matsayinsa a gidajenmu, ba na kuma ɗaukarsa da wasa. Sai dai a san abu biyu. Zizara shi a cikin bakin fata yana bi ta kan kafofin man nan, don haka mai fama da bushewa ta huta da shi, ko ta tsaya a waje da gashin ido ta wanke kafin barci. Na biyu, yawancin kwallin dutse mai ƙyalli dalma ce a cikinsa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a Boston, ɗan iyaye 'yan Najeriya, da aka samu dalma ta hau a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, kashi 82.6 cikin 100 dalma ne. Jarirai dai a bar musu idonsu haka, kuma kada gida guda ya yi tarayya a tsinken kwalli ɗaya.

Ana yawan tambayata game da ƙwayoyin man kifi. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2018, a kan mutum sama da 500 na tsawon shekara guda, bai ga sun fi man zaitun amfani ga bushewar ido ba. Kuɗin ya fi kyau a kai shi cefane.

In an yi wata guda ba sauƙi

Sai a zo a duba. Za mu sa haɓarka a kan na'ura mai fitila mu kalli bakin fatar da girma, mu ɗan matsa mu ga ko mai ne garai-garai ke fita ko abu mai kauri kamar man goge baki. Za mu taɓa idon da wani rini ruwan ɗorawa, mu ce kada ka ƙifta, mu ƙirga: in hawayen ya tsage kafin daƙiƙa 10, ba ya zama yadda ya kamata. Wani lokaci mukan rataya 'yar siririyar takarda a fatar ƙasa na minti 5. In abin da ya jiƙe bai kai milimita 10 ba akwai zargin ƙarancin ruwa, ƙasa da 5 kuwa ya yi tsanani. Babu mai ciwo a cikinsu. Daga nan ake sanin ko za a ƙara da ƙwayoyin doxycycline, waɗanda ba a ba mai ciki da ƙananan yara, ko ɗigon cyclosporine, ko a toshe 'yar kafar da hawaye ke zurarewa. Sitiroyid ma akan ba da, na ɗan gajeren lokaci, ana auna ƙarfin ruwan ido.

Sauran mutanen gida

Duk wanda ya zo mini da bushewar ido, ba na barinsa ya tashi sai na tambaye shi su wa ya baro a gida. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa cikin masu shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, a Arewa maso Gabas ma ya kai 6.1, kuma kashi 84 na wannan makanta abu ne da za a iya karewa ko warkarwa. Yanar ido ce kan gaba wajen kawo makantar, gilakoma na biye.

Jariri: in ido ya kumbura yana fitar da kwantsa mai yawa a watan farko, asibiti a ranar. In aka hangi fari a tsakiyar baƙin ido, ko a hoton waya ido ɗaya ya riƙa fitowa fari, kada a jira ya girma. Yana iya zama yana, yana iya zama ciwon daji na ido, kuma dukansu da wuri ake cin ƙarfinsu.

Daga wata 6 zuwa shekara 5: rigakafin ƙyanda, da ɗigon bitamin A da ake bayarwa duk wata shida. Yaron da ke laluben bango da magariba dundumi ke damunsa, kuma bushewar idon da rashin bitamin A ke kawowa tana iya narkar da baƙin ido. Ba ta tawul da ruwan ɗumi ba ce, ta asibiti ce. Manja, zogale, alayyafo, karas, kabewa, mangwaro, gwanda, ƙwai da hanta su riƙa shiga kwanon yara. A wanke musu fuska kullum, don ƙuda da kwantsa ne ke yaɗa amodari.

Kafin shiga firamare a kai kowane yaro awo sau ɗaya, ko bai yi kuka da komai ba. Yaro bai san yadda wasu ke gani ba, balle ya ce nasa ya gaza. A gida ma ana iya rufe masa ido ɗaya da tafin hannu a nuna masa abu daga nesa, sannan a sauya; in ya yi ta ture hannu a gefe guda kawai, a bincika. Harara-garke ba ya gyaruwa da kansa, kuma idon da ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi ya fi farfaɗowa in an kama shi kafin shekara 7 ko 8. Tabarau ba ya lalata idon yaro. A kuma bar su su yi wasa a waje wajen awa biyu a rana, yana rage saurin kamuwa da rashin ganin nesa. Mai sikila a fara duba masa bayan ido, wato can cikin ƙwayar idon, daga wajen shekara 10.

Shekara 40: lokacin da ake fara miƙa hannu nesa don karanta saƙon waya ko Alƙur'ani. Wannan girma ne, tabarau na karatu na gyarawa. Amma kada a tsaya ga saye a bakin kasuwa, domin zuwa awon shi ne damar auna ƙarfin ruwan ido da duba jijiyar gani. Gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido ko da yake ba ita ce hawan jinin jiki ba, ba ta ciwo, daga gefe take cin gani, tana bin dangi, kuma ta fi kama baƙar fata da wuri. Daga wannan shekara a riƙa zuwa duk shekara biyu. In akwai mai ita a gida, duk shekara. Wanda aka ɗora a kan maganinta kada ya ajiye shi a watan azumi: yawancinsu sau ɗaya ko biyu ne a rana, ya tambayi likitansa yadda zai daidaita su da sahur da buɗa-baki.

Mai ciwon suga a duba masa bayan ido tun ranar da aka gano ciwon, sannan duk shekara. Baba ko Inna da yana ta rufe wa ido, aikin asibiti ne na ɗan lokaci, a cire a sa wani gilashi a ciki. Kada a miƙa su ga masu tura yanar cikin ido da tsinke.

Mai awon ido yana gwaji, ya rubuta tabarau, ya kula da irin bushewar nan, ya tura wanda ke buƙatar aiki wurin likitan tiyatar ido. A Najeriya ya kamata ya kasance yana da rajista da ODORBN, hukumar da ke yi wa masu awon ido rajista, kuma ba rashin kunya ba ne a tambaya. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, Asibitin Ido na ECWA da na Makka a Kano, da sashen ido a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jiha.

Ranar zuwa, a zuba duk kwalaben da aka taɓa ɗigawa a leda a taho da su, har waɗanda suka ƙare, tare da tsohon tabarau da magungunan da ake sha. In za a duba bayan ido, za a ɗiga maganin da ke buɗe tsakiyar ido, gani ya yi hazo kuma rana ta riƙa kashe ido na awa huɗu zuwa shida. Don haka a zo da baƙin tabarau da ɗan rakiya, a bar babur da mota a gida.